Ganyen Bakin Teku Mai Yaƙar Ƙwayoyin Cuta

Ban taɓa ganin teku ba, amma malaminmu na kimiyya ya ba mu labarin mangurob, itacen da ke tsirowa cikin ruwan gishiri a Neja Delta. Masana sukan niƙa busasshen ganyensa, su jiƙa, su ɗiga ruwan a faifan da suka raini ƙwayoyin cuta. Kashegari sai a ga ƙwayoyin sun kasa yaɗuwa kewaye da ɗigon, har masu kawo maruru. Cikin dalilan akwai sinadarin tanin, irin na bagaruwar majema. Sai dai faifai ba jikin mutum ba ne, da sauran bincike. Abin da ke damuna, malalar mai da sara suna cinye dajin tun ba mu gama sanin amfaninsa ba.