Binciken maganin dabbobi: mu tambayi makiyayi abin da zai iya amsawa

Ƴan'uwa makiyaya, na taɓa zagaya rugage da takardar tambayoyi a kan maganin kashe ƙwayoyin cuta, irin su oksitetrasiklin da kafso ja da rawaya. Tambayar farko ita ce: "Kana bin ƙa'idar magani?" Kowa ya ce i. Da na fito zan hau babur, sai na ga kwalabe fanko zube bayan garke, wasu ma kwanan watansu ya wuce. Ba ƙarya suka yi mini ba, tambayar ce ba ta da kai.

Abin yana da nauyi. In ana ba dabba magani ƙasa da kima, ko a tsaya kafin ta warke, ƙwayoyin cutar da suka tsira sukan saba da shi. Gobe a yi allurar, ba ta ci. Kuɗi ya tafi, saniya ta tafi. Don haka binciken da zai gyara wannan sai an tsara shi da kyau.

Na farko, a ƙirga kwalba maimakon dogara da tunin mutum. A bar wa kowane garke buhu, duk kwalbar da ta ƙare a jefa ciki, duk wata a zo a duba suna da yawa.

Na biyu, a auna dabbar. Oksi mai dogon aiki na kashi 20 cikin 100 ana ba da mililita 1 ga kowane kilo 10. Saniya mai kilo 250 tana bukatar 25. Wanda ya yi mata 10 zai rantse ya yi magani. Igiyar awon ƙirji tana nuna wannan giɓin.

Na uku, a rubuta ciwon da aka yi wa allurar. Boru, alal misali, wannan magani ba ya kashe ƙwayarsa.

Na huɗu, a tambayi mata. Su ke tatsa, su ke kai nono kasuwa, su suka san ko an dakata bayan allura. In ba a dakata ba, a tambayi dalili ba tare da zargi ba: zubar da nonon kwanaki abincin gida ne.

Na biyar, a bi garke shekara guda. Wanda ya yi bincike da rani kawai bakin rijiya bai ga abin da ke faruwa da damina ba, lokacin da shanu suka haura arewa wajen Abalak da Ingal, nesa da likitan dabbobi.

In kuma ana gwada sabuwar hanyar horo, a raba ƙauyuka biyu ta ƙuri'a, wasu da horo wasu babu tukuna, don a san ko horon ne ya kawo canji.

Ku ƴan ƙungiya, in masu bincike sun zo, ku tambaye su yaushe za su dawo muku da sakamako, da Hausa ko Fulatanci ko Buzanci. In an ɗebi nono aka kai ɗakin gwaji na LABOCEL a Yamai, kuna da hakkin jin abin da aka gani.