Dakta Seuss: Marubucin Da Ya Koyar Da Yara Karatu Da Kalmomi 236

A shekarar 1954, marubuci John Hersey ya koka a mujallar Life cewa yaran Amurka na gudun karatu saboda littattafan firamare lami ne, ba su da armashi. Wannan koken ya sa wani jami'in kamfanin ɗab'i na Houghton Mifflin, William Spaulding, ya miƙa wa Theodor Seuss Geisel jerin kalmomin da ɗan aji ɗaya zai iya ganewa, ya nemi ya rubuta da su littafin da yaro ba zai so ajiyewa ba.

An haifi Geisel, wanda duniya ta sani da Dakta Seuss, ranar 2 ga Maris, 1904 a garin Springfield na jihar Massachusetts. Ya kammala Kwalejin Dartmouth a 1925, ya wuce Jami'ar Oxford ta Ingila, amma ya baro ta ba tare da digiri ba. Ya shafe shekaru yana zanen tallar maganin ƙwari na Flit. Littafinsa na farko na yara kuwa, sai da kamfanonin ɗab'i fiye da 20 suka ƙi shi kafin ya fito a 1937.

Amsar da ya ba Spaulding ita ce The Cat in the Hat (1957), labari cikin waƙa da kalmomi daban-daban 236 kacal. A 1960 ya ƙara tsuke wa kansa, ya rubuta Green Eggs and Ham da kalmomi 50. Sirrin shi ne kari da amsa-amo: yaron da kunnensa ya kama sautin baiti yakan hango kalmar da ke tafe, ya karanta ta da kansa, ya sami ƙwarin gwiwar buɗe shafi na gaba.

An karrama shi da lambar Pulitzer ta musamman a 1984, ya rasu ranar 24 ga Satumba, 1991. Ayyukansa ba su tsira daga suka ba: a 2021 kamfanin da ke kula da su ya dakatar da buga littattafansa shida saboda zane-zanen da ke ƙasƙantar da wasu jinsuna.

Duk da haka, darasinsa na nan ga masu tsara manhaja da iyaye baki ɗaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaron da littafinsa na farko ya gundure shi, da wuya ya nemi na biyu.