Akwatin Kallo da Sirrin Gida: Wanne Ya Kamata Mu Saya?

A Goudji, kamar sauran unguwannin Njamena, mun daɗe da sabawa da faifan tauraron ɗan adam a kan rufi da dikoda a ƙarƙashin talabijin. Dikodar da muka sani karɓa kawai take yi, ba ta kai labari. Amma ɗan akwatin nan da ke jawo wa'azi, karatun Alƙur'ani da finafinan Kano ta intanet, yana karɓa yana kuma aikawa: abin da aka kalla, da lokacin, da daɗewar zaman, wani sa'in har muryar wanda ya yi magana a cikin rimot. Da Starlink ya fara aiki a Chadi a 2025, ya tarar da Airtel da Moov Africa, sai tambayar wanda za a saya ta shiga gidaje da dama.

Ya ku magidanta, damuwar ba ta banza ba ce. A 2017 kamfanin Vizio ya amince ya biya dala miliyan 2.2 a Amurka saboda tattara bayanin kallo daga talabijin miliyan 11 ba da yardar masu su ba. A 2023 Amazon ya amince ya biya dala miliyan 25 kan adana muryoyin yara da Alexa ta naɗa. Chadi tana da dokar kare bayanan mutum tun 2015, da hukumar ANSICE da ke kula da ita, sai dai bayanin da ya riga ya ƙetare teku, bin sawunsa da wuya.

Wanda ya fi ba mu tsoro shi ne wanda ya fi araha: akwatin Android marar sunan kamfani, wanda ake tallarsa da cewa tashoshi dubu ne kyauta. A Yunin 2025 hukumar FBI ta yi gargaɗi kan BadBox 2.0, muguwar manhaja da ke zuwa a cikin irin waɗannan na'urori, sau da yawa tun kafin a saya. Google ya ce sama da miliyan 10 ne suka kamu. Akwatin yakan mai da intanet ɗin gidanka hanyar da ɓarayi ke bi su yi ta'asa, da kuɗin datarka. Ga kuma tashoshin da ba a tace ba, a ɗakin da yara ke zama bayan isha'i. Mu da baƙo ba ya wuce zaure sai da sallama, wannan arahar ba ta ado ba ce.

A ganinmu, wanda ke da hali ya ɗauki Apple TV: talla kaɗan ce, rimot ɗinsa maɓallai ƙalilan, sai dai tsada. Mai matsakaicin ƙarfi ya nemi akwatin Google TV daga sanannen kamfani irin su Xiaomi, ya buɗe Play Store a gaban mai shago ya tabbatar an rubuta cewa na'urar tana da shaidar Play Protect. Fire TV na Amazon yana da sauƙi, amma fuskarsa cike take da talla. Chromecast kuwa, Google ya daina ƙera shi a 2024.

In an kawo shi gida, kada a yi ta danna “na yarda”. A buɗe masa asusu na daban, ba wanda ke kan wayar maigida ba, a kashe talla mai bin ɗabi'a da adana murya, a sa lambar sirri a sashen yara. Idan talabijin ɗin kansa mai intanet ne, a cire shi daga Wi-Fi, akwatin ya wadatar. A rage ingancin hoto ma, domin Netflix ya ce kallon HD na iya cin giga 3 a awa, matsakaici kuwa kusan 1.

Batun sauƙi kuma, kada a bar wa samarin gida hukuncinsa. A miƙa wa Hajiya rimot, a ga ko za ta kai ga tafsirin da take so ba tare da ta kira jika ba.