Ɓarin tumaki kan riga likita sanin annoba: darasi daga ƙauyukan Hausawan Jazira

Duk wanda ya san Sudan ya san akwai 'yan'uwanmu Hausawa birjik a Jazira da gaɓar kogin Shuɗin Nilu. Garin Mai Wurno da ke kusa da Sinnar ya kafu ne a 1906, bayan yaƙin Burmi, a hannun Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru. Da aka buɗe gonakin audugar Jazira a 1925 sai wasu suka ƙaru, galibinsu masu niyyar Makka da suka yada zango, suka zauna a ƙauyuka da rugagen 'yan ƙwadago da ake kira kambo. Ruwan da ke ciyar da su a magudanai kuwa, shi ne dai ke kiwon sauro.

A daminar 2007 an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, aka yi ambaliya. Zuwa watan Oktoba sai ga zazzaɓin Rift Valley ya ɓulla a jihar Farin Nilu, ya bazu zuwa Sinnar da Jazira, inda ya fi ɓarna. Kafin ya lafa a farkon 2008, ya kashe mutum fiye da 200. Saudiyya kuma ta dakatar da sayen dabbobin Sudan ana dab da aikin Hajji, lokacin da rago ke tsada. Ke nan annobar ta taɓa rai, ta taɓa aljihu.

Abin lura shi ne cutar ba ta zo babu sallama ba. Ƙwan sauron da ke ɗauke da ita kan kwanta a busasshiyar ƙasa shekara da shekaru, sai ruwa ya kwanta a fadama ya ƙyanƙyashe. Sauron ya ciji tumaki da awaki da shanu, masu ciki su yi ta ɓari, ƙanana su yi ta mutuwa. Daga nan ne take kama mutum, yawanci ta hanyar jinin yanka, ko taɓa abin da aka ɓarar, ko ɗanyen nama da madarar da ba a tafasa ba.

Saboda haka ne masana a Amurka, ciki har da na hukumar NASA, suke auna ruwan sama da tsiron ciyawa da tauraron ɗan'adam, su zuba a kwamfuta ta fitar da taswirar inda haɗari yake. Da wannan lissafi suka yi gargaɗi makonni kafin cutar ta ɓarke a Kenya a ƙarshen 2006. To amma taswira yanki take nunawa, ba ta san garken wane ne ya fara ɓari ba. Makiyayi da mahauci da dillali su ke da wannan labari. A Kenya ɗin ma bincike ya nuna makiyaya sun ga alamun a dabbobinsu tun kafin hukuma ta farga. A Sudan kuwa sai da mutane suka cika asibiti sannan aka tabbatar da ita a dabbobi.

Me ya sa labarin ba ya isa da wuri? Mu da muke kasuwa mun san dalili. Wanda ya ce dabbarsa ba lafiya yana tsoron a rufe kara, ko a ƙwace ta ba diyya, don haka sai ya yi maza ya kai ta mayanka. Muddin ba a cire wannan tsoro ba, kwamfuta za ta yi ta lissafi da rabin gaskiya.

Jazira ba baƙuwar haɗa kai ba ce. Jami'ar Jazira da ke Madani, wadda aka kafa a 1975, ta yi suna wajen tura ɗaliban likitanci su koyi aiki a ƙauye. Bayan ɓarkewar yaƙi a Afrilun 2023, da asibitoci suka durƙushe, matasan unguwanni ne suka kafa ɗakunan agajin gaggawa bisa al'adar nafir, wato gayya a wurinmu.

Kada mu ce Sudan da nisa. A 2016 wannan zazzaɓi ya kashe mutane a jihar Tahoua ta Nijar, kuma dabbar da ta kwana can tana iya wayar gari a Illela. Abin da ya kamace mu shi ne sarkin pawa da sarkin zango da shugabannin dillalai su san likitan dabbobin yankinsu tun lafiya lau, su riƙe lambarsa, su sanar da shi da zarar ɓari ya yi yawa bayan ruwa mai ƙarfi. Su kuma masana su riƙa dawo mana da hasashensu da Hausa, ta rediyo da bakin limamai, hukuma ta tanadi rigakafi da diyya. Rufe kara na mako biyu ya fi rufe iyaka na wata shida sauƙi. Allah Ya kiyaye mu da dukiyoyinmu.