Hoton da Ba a Yarda Ya Yi Ƙarya Ba

Wanda ya saba sayen shadda ba ya yanke ciniki a ƙarƙashin ƙwan shago. Sai ya fito da yadin bakin ƙofa, ya karkata shi a rana, sannan ya yarda da launinsa da sheƙinsa. Kamfanonin ƙera motoci ma haka suke, sai dai su so suke su ga fentin a kwamfuta tun ba a dama shi ba.

Hoton fim in ya burge ido, ya biya buƙata. Amma wanda za a dogara da shi a zuba kuɗi, dole ya yi daidai da abin da zai fito daga masana'anta. Don haka ba a cewa kwamfuta "ja ne mai ƙyalli" kawai. Awo ake ba ta: hasken da ya sauka ta wannan kusurwa, nawa ne yake tashi ta waccan? Fred Nicodemus ne ya tsara wannan ma'auni a 1965. A 1981 Robert Cook da Kenneth Torrance suka bunƙasa dabarar ɗaukar fuskar abu a matsayin tarin ƙananan madubai, kowanne da inda ya fuskanta. In sun jeru sai abu ya yi sheƙi, in sun watse sai ya dushe.

Dubi gilashin taga. In ka tsaya gabansa sak, kusan kashi 4 cikin ɗari na hasken yake maidowa daga fuskarsa. Koma gefe ka leƙe shi a karkace, sai ya zama madubi. Fentin mota mai ƙyalli ya fi wuya, domin akwai ɓarɓashin alminiyum a ƙarƙashin shafen sama, shi ya sa launin ke sauyawa kana zagaya motar.

Launi ma da tarkonsa. Fenti biyu kan zo ɗaya a hasken shago, su bambanta a rana. Lissafi da ja da kore da shuɗi kaɗai ba ya kama wannan, sai an bi zangon haske daki-daki.

To, wa zai shaida kwamfuta ta faɗi gaskiya? A 1984 masu bincike a Jami'ar Cornell ta Amurka suka haɗa akwati na gaske, suka fente bangayensa, suka kwatanta shi da wanda kwamfuta ta zana. Har yau hukuncin ke nan: a fito da yadin rana.