Yadda ake haɗa maki a gasar wasanni ta dare ɗaya

Idan aka haɗa dara, ludo da karta a gasa ɗaya, lissafin maki ne ya fi jawo gardama, domin kowane wasa da irin ƙirgensa. Mafita ita ce a raba maki bisa matsayi a kowane wasa: na ɗaya 3, na biyu 2, na uku 1. A dara, wadda mutum biyu ke bugawa, kowa zai kara da kowa, sannan a jera su bisa yawan nasara.

Wajibi ne a bayyana dokoki kafin a fara, a kuma naɗa alƙalin da ba ya cikin gasar. Idan aka yi kunnen doki, wanda ya fi zuwa na ɗaya shi ne zakara.