Gina Rukunin Gidaje a Filayen da Aka Keɓe: Haƙƙin Jama'a na Kai Ƙorafi

Tun ran 27 ga Agusta, 1991, da aka cire Jihar Taraba daga tsohuwar Gongola aka mai da Jalingo babban birninta, garin bai daina faɗaɗa ba. Tsofaffin unguwanni irin su Turaki sun cika maƙil, 'ya'ya sun girma suna neman muhalli, ma'aikata da baƙi kuma suna ta ƙaruwa. Bukatar gidaje gaskiya ce, ba mai musun ta. Gardama tana tasowa ne a kan wurin da za a gina su.

Mai neman fili yakan dubi fadama, ko gaɓar kogi, ko gandun daji, ya ce wuri ne da ke zaune a banza. Alhali kuwa aiki yake yi. Fadamar da ke bakin Kogin Lamurde da Mayo Gwoi ita ce ke shanye ruwan da ke gangarowa daga duwatsu da damina, ita ce kuma ke ci da masu noman rani. In aka cike ta da ƙasa aka malale da siminti, ruwan ba zai fasa zuwa ba, sai dai ya sake hanya, galibi ta cikin gidajen talakawa da ke kwari. Mutanen Jalingo sun san ƙarfin wannan ruwa, domin a ambaliyar watan Agusta na 2005 gadar Nukkai ta rufta, rayuka masu yawa suka salwanta.

Ƙorafi na biyu shi ne na kayan more rayuwa. Ɗaruruwan gidaje na nufin dubban mutane, kuma in ba a ƙara magudana da famfo da azuzuwa ba, da tsofaffin mazauna za a raba ɗan abin da ke akwai.

To, me doka ta ce? Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha amana a hannun Gwamna, ta ba shi ikon karɓar fili domin amfanin jama'a. Sai dai a lura, diyyar da ta tanada ta gini ce da amfanin gona da sauran abin da mutum ya kafa, ba ta ƙasar kanta ba, kuma a nan ne manoma da yawa sukan ji an ƙware su. Har ila yau, Doka mai lamba 86 ta 1992 ta wajabta binciken illar da aiki zai yi wa muhalli kafin a fara duk rukunin gidajen da ya kai hekta 50. Ana baje rahoton binciken a fili har kwana 21 na aiki, domin kowa ya duba ya faɗi ra'ayinsa, kuma Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ce ke yanke hukunci.

Wannan lokaci shi ne na magana, watau tun ba a haƙa harsashi ba. Abuja ta nuna tsadar jinkiri: tsakanin 2003 da 2007 an rushe gine-gine masu ɗimbin yawa da aka yi a filayen shaƙatawa da kan hanyoyin ruwa, bayan masu su sun riga sun zuba dukiyarsu.

Saboda haka mazauna unguwa da ke da ƙorafi su haɗa kai da mai unguwa da hakimi, su rubuta shi a takarda, su bayyana inda ruwa yake bi da shekarun da ya yi ɓarna, su kai wa hukumar tsara birane ta jiha da Ma'aikatar Muhalli, su kuma riƙe kwafi mai hatimin karɓa.